Yadda Ma'aikacin Agajin Gaggawa a Amurka Zai Sabunta Takardar Shaidarsa Kafin Ta Mutu

Takardar shaidar ma'aikacin agajin gaggawa a Amurka, wanda ake kira EMT, ba ta dindindin ba ce. Ta hukumar ƙasa shekara biyu take yi, sai an sabunta ta. Sau da yawa kuma ba rashin iya aiki ke kashe ta ba. Za ka ga mutum ya goge a cikin motar ɗaukar marasa lafiya, hannunsa ba ya rawa a gaban jini, amma ya wayi gari ranar 1 ga Afrilu ba shi da takarda. Da ka bi diddigi sai ka tarar awa uku ce ya yi a wani kwas da hukuma ba ta san da zamansa ba, ko kuwa sa hannun da ya bari sai makon ƙarshe ne bai samu ba. Karatun kansa ba shi da yawa. Inda ake tuntuɓe shi ne wane karatu, a wane gurbi, wa ya amince da shi, kuma yaushe aka miƙa.

Takardu biyu ne, kowace da ranarta

Abin da ya kamata a fara rarrabewa ke nan. Akwai hukumar rajista ta ƙasa, NREMT, wadda aka kafa a 1970, hedikwatarta na Kolombus a jihar Ohayo. Ita ke shirya jarrabawa, ta ba da shaidar cewa mutum ya kai mizanin ƙwarewa na ƙasa. Amma shaidarta ba izinin taɓa majiyyaci ba ce. Izinin aiki yana hannun jiha, kuma kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya takardar EMT shekara biyu take yi, ana neman awa 24 na karatu tare da takardar gwajin aikin hannu. A Teksas shekara huɗu ce, kuma wanda ya zaɓi hanyar karatu zai kawo awa 72. Wasu jihohin sun wajabta wa ma'aikaci ya riƙe takardar NREMT da ranta muddin yana aiki, wasu kuma a farkon shiga kawai suke nemanta. Ma'aikatan agajin jinya na fagen daga a rundunar sojan ƙasa ta Amurka su ma dole ne su riƙe ta.

To, ka ɗauko katunanka duka ka duba ranar da ke jikin kowanne: na NREMT, na jiha, da na farfaɗo da zuciya wato CPR, wanda ƙungiyar masana zuciya ta Amurka, AHA, ke bayarwa na shekara biyu, kuma jihohi da ma'aikatu da yawa ba sa barin mutum ya hau mota in ya mutu. Da wuya ranakun uku su zo daidai. Sabunta ɗaya ba ya sabunta sauran.

Ko da jiharka ba ta tilasta maka riƙe takardar ƙasa ba, shawararmu ita ce kada ka sake ta. Duk ranar da ƙaura zuwa wata jiha ta kama ka, ita ce za ta sauƙaƙa maka samun sabon lasisi.

Awa arba'in da yadda aka raba su

NREMT tana da matakai huɗu, kowanne da nasa adadi a cikin shekara biyu. Mai kai agajin farko, EMR, awa 16. EMT awa 40. EMT mai zurfin horo, AEMT, awa 50. Faramedik, wato mataki mafi girma, awa 60. Takardar EMR tana ƙarewa ranar 30 ga Satumba, sauran ukun kuma ranar 31 ga Maris.

Sabon shiga ya lura da wannan: in ka samu takardarka ta farko tsakanin 1 ga Janairu da 30 ga Yuni, za ta ƙare 31 ga Maris na shekara ta biyu a gaba. In tsakanin 1 ga Yuli da 31 ga Disamba ne, sai 31 ga Maris na shekara ta uku. Shi ya sa abokan aji ɗaya kan sami ranaku mabambanta, kuma bai kamata ka yi lissafi da katin abokinka ba.

Awa 40 ɗin EMT ba tuli ɗaya ba ne. Gida uku aka raba su a ƙarƙashin tsarin da ake kira NCCP. Rabi, wato awa 20, kason ƙasa ne, kuma hukumar ce ta yanke darussan da za a yi. Awa 10 kason jiha ne ko yanki, inda jiha ko likitan da ke kula da ma'aikatarka zai iya cewa ga abin da yake so a karanta. Ragowar awa 10 naka ne, ka zaɓi abin da ka ga dama muddin ya shafi kula da majiyyaci a aikin gaggawa. In jiharka ba ta ayyana komai ba a nata kason, kana iya cika shi da irin wannan karatun.

Kason ƙasa shi ne mai ƙa'ida. A tsarin 2025, awa 20 ɗin EMT sun kasu haka: hanyar iska da numfashi awa 4, zuciya da jijiyoyin jini awa 5, raunuka awa 3, cututtukan gaggawa awa 6, gudanar da aiki a fili awa 2. Sannan aƙalla kashi 10 cikin ɗari na wannan kaso, wato awa 2, dole ya kasance a kan yara. Tsohon tsarin 2016 ya ba numfashi awa ɗaya da rabi kacal, raunuka ma haka, ya ba gudanar da aiki awa 5. Wanda ya ɗauko tsohon jadawali ya bi zai cika awa 20 ɗinsa cif, amma gurbin numfashi zai nuna masa giɓin awa biyu da rabi. Haka ma wanda ya tara awa 55 alhali bai yi ko minti ɗaya a kan yara ba, bai gama ba.

Rara daga kason ƙasa tana iya gangarawa ta cike na jiha ko naka. Misali, kwas ɗin kula da masu rauni kafin a kai asibiti, PHTLS, na ƙungiyar NAEMT, awa 16 ne. Gurbin raunuka awa 3 kawai zai ci, sauran sai ka rarraba su inda suka dace. Amma rarar wannan zango na shekara biyu ba ta tsallakawa zuwa zango na gaba.

Abin da ya sa ba a yarda da tsohon ilimi ba

Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani. A wannan aiki kuwa tsohon ilimi kan cutar da majiyyaci, kuma wanda ya gane haka ba zai ɗauki awoyin nan a matsayin wahalar cike takarda ba.

Ɗauki farfaɗo da zuciya. Kafin 2010 ana koyar da a fara buɗe hanyar iska, a hura numfashi, sannan a danna ƙirji. A 2010 AHA ta juya tsarin, danna ƙirji ya koma farko. A 2015 aka sa wa saurin iyaka, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfi kuma santimita 5 zuwa 6 ga babba, domin wanda ya wuce wannan saurin ba ya barin ƙirji ya dawo daidai, zuciya ba ta cika da jini kafin dannawa ta gaba. A 2020 aka sauya yawan numfashin da ake hura wa yaron da zuciyarsa ke bugawa amma ba ya numfashi: da ana hurawa duk daƙiƙa 3 zuwa 5, aka mayar da shi duk daƙiƙa 2 zuwa 3. Wanda ya tsaya a kan abin da aka koya masa a makaranta zai ba yaro iskar da ba ta ishe shi ba, yana ganin daidai yake yi.

Maɗaurin tsayar da jini ma haka. An daɗe ana tsoratar da ma'aikata cewa shi ne matakin ƙarshe, wai zai jawo a yanke hannu ko ƙafa. Abin da aka gani a yaƙin Iraƙi da Afganistan ya rushe wannan fahimta, har aka ƙaddamar da gangamin koya wa jama'ar gari tsayar da jini a 2015. Yanzu in jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, ana ɗaura shi da wuri, santimita 5 zuwa 8 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin.

Dogon allon da ake ɗaure duk wanda ya yi haɗari a kai shi ma an rage amfani da shi sosai. Yana jawo ciwo da gyambon kwanciya, yana takura numfashi, kuma a 2018 manyan ƙungiyoyin likitocin tiyata da na gaggawa suka fitar da matsaya ɗaya cewa abin nema shi ne taƙaita motsin kashin baya, wanda gadon motar ma kan iya yi. Iskar oksijin, wadda a da ake buɗe wa kusan kowa a kan lita 15 a minti, yanzu ana ba da ita ne gwargwadon abin da na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta nuna. Ga kuma abubuwan da a da ba a san EMT da su ba amma suka shigo hannunsa a jihohi da yawa, irin su nalokson na ceto wanda ƙwaya dangin fentanil ta danne wa numfashi, da auna sukarin jini, da na'urar CPAP mai tura iska da matsi don taimaka wa numfashi.

Saboda haka awa 10 ɗin da aka bar maka, kada ka kashe su a kan abin da ka riga ka iya don kawai yana da sauƙi. Tambayi kanka wane kira ne in ya shigo gabanka ke faɗuwa. Ga mutane da yawa haihuwa ce a cikin mota, ko jariri da ya daina numfashi, ko mai taɓin hankali da ya harzuƙa. Irin waɗannan ba sa zuwa kullum, shi ya sa hannu ke mantawa da su, kuma nan ya kamata awoyinka su tafi.

Wane karatu ake karɓa

Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya kuɗin kowane kwas: wa ya amince da shi? Amsar da ke da amfani biyu ce. Ko dai ofishin kula da agajin gaggawa na jiha, ko kuma CAPCE, hukumar da ke tantance irin wannan karatu a faɗin ƙasar. Satifiket mai kyan zane wanda ba ya ɗauke da lambar amincewar ɗayansu takarda ce kawai. Darussan kwaleji ko jami'a da suka shafi kula da majiyyaci kai tsaye, irin su ilimin sassan jiki da na magunguna, su ma ana lissafa su. Wanda ke koyar da darussan agajin gaggawa kuma yana iya lissafa awoyin da ya koyar.

Waɗanda ba a karɓa su ne suka fi ba mutane mamaki. Awoyin da ka yi a bakin aiki ba karatu ba ne, komai yawan majiyyatan da ka ɗauka. Aikin sa-kai ma haka. Zagayen koyon aiki a asibiti, rakiyar ɗalibi a mota, zama alƙalin jarrabawar aikin hannu, kwas ɗin koyon dabarun koyarwa, da na shugabanci da gudanar da ofis, duk ba sa shiga. Kwas ɗaya kuma ba a lissafa shi sau biyu a zango ɗaya, ko da sau biyun ka zauna masa.

Game da karatun intanet wanda mutum ke yi shi kaɗai a lokacin da ya ga dama, a da NREMT ta sa masa iyaka. An ɗage iyakar na ɗan lokaci a lokacin annobar korona a 2020, daga baya a 2022 aka cire ta gaba ɗaya. Wato a wajen hukumar ƙasa kana iya yin awa 40 ɗinka duka a gaban kwamfuta. Sai dai abu biyu. Na farko, jiharka tana iya kasancewa da tata iyakar har yanzu. Na biyu, bidiyo ba ya koya wa hannu. An sani cewa ingancin danna ƙirji yana raguwa cikin 'yan watanni bayan horo, kuma riƙe abin rufe fuska na jakar hura iska yadda iska ba za ta zurare ta gefe ba abu ne da sai an yi ta maimaitawa a kan mutum-mutumi. Muna ganin ko da doka ba ta tilasta ba, ya dace wani kaso na awoyinka ya kasance a aji, inda malami zai kama hannunka ya gyara.

Shigar da awoyi da neman sa hannu

Komai ana yin sa ne a shafinka na NREMT. Duk kwas ɗin da ka gama, shigar da shi a ranar: sunansa, kwanan wata, yawan awoyi, wanda ya amince da shi, sannan ka ɗora hoton satifiket. Kwasa-kwasan CAPCE ana iya jawo su kai tsaye, amma sai in sunanka da lambarka a wajen mai kwas ɗin sun yi daidai da abin da ke wajen hukumar. Harafi ɗaya da ya bambanta a suna, ko sunan da aka sauya bayan aure, ya isa ya hana su bayyana.

Shigarwa kaɗai ba ta wadatar ba. Sai ka ɗauki kowane kwas ka sanya awoyinsa a gurbin da ya dace, wannan a zuciya, wancan a raunuka, wancan a kasonka. Mutane kan shigar da awa 40, su ga har yanzu shafin na nuna ba su cika ba, su ɗauka na'ura ce ta lalace, alhali rabawar ce ba su yi ba.

Daga nan sai zaɓin matsayi. Mai matsayin "yana aiki" dole ya kasance a haɗe da wata ma'aikata a cikin shafin, kuma jami'in horarwa na ma'aikatar ya tabbatar da karatunsa da ƙwarewar hannunsa. AEMT da faramedik kuwa sai likitan da ke kula da ma'aikatar ya sa hannu a kan ƙwarewar. Wanda ba ya tare da kowace ma'aikata, ko don ya koma makaranta ko don jinya ko reno, yana iya zaɓar matsayin "ba ya aiki". Wannan yana ɗauke masa sa hannun ne kawai, awa 40 ɗin na nan daram.

A nan ne jinkiri ya fi yin ɓarna. In ka sauya wurin aiki ba ka sauya haɗin a shafinka ba, takardarka za ta tafi wajen tsohon jami'in da ba shi da dalilin duba ta. In kuma ka miƙa ranar 29 ga Maris, ka sani jami'in horarwa yana da na mutane da yawa a gabansa, yana iya kasancewa yana hutu, kuma yana da haƙƙin cewa sai ya ga hannunka a kan mutum-mutumi kafin ya amince. Jami'in da ya yi haka gaskiyarsa ce, domin sunansa ne zai tsaya a matsayin shaida.

Tsara lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana buɗe ƙofar miƙa takardar sabuntawa wata shida kafin ranar ƙarewa, wato daga 1 ga Oktoba ga mai ƙarewa 31 ga Maris. In ka sa wa kanka burin gamawa kafin wannan rana, kana da wata 18, abin da ya kama awa biyu da 'yan mintoci a wata. A watannin farko ka nemi jin ko jiharka ko likitan ma'aikatarku ya ayyana darussan kason yanki, don kada ka cike gurbin da wani abu daban. Shekarar farko ka fuskanci kason ƙasa, tunda shi ne mai ƙa'ida, ka tabbatar awa biyun yara sun shiga. Kwasa-kwasan aji masu cin kwana biyu ka yi rajistarsu da wuri, don kujerunsu kan cika in wa'adi ya matso. Ka miƙa tsakanin Oktoba da Janairu, ka biya kuɗin sabuntawa, sannan ka ci gaba da leƙa shafin har sai ka ga sabuwar ranar ƙarewa ta fito. Miƙawa daban, amincewa daban.

Miƙawa da wuri ba ta rage maka ko kwana ɗaya daga wa'adinka. Wata riba ma, da zarar an amince, karatun da ka yi bayan nan yana shiga lissafin sabon zango.

Hanyar jarrabawa, da abin da ke biyo bayan makara

Wanda ba ya son tara awoyi yana iya sabuntawa ta hanyar sake zama jarrabawar NREMT a cibiyar kamfanin gudanar da jarrabawa na Pearson VUE, a cikin shekarar ƙarshe ta wa'adinsa, daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris. Jarrabawar EMT tambaya 70 zuwa 120 ce cikin awa biyu, kuma kwamfuta ce ke zaɓo tambaya ta gaba bisa yadda ka amsa ta baya. Dama ɗaya ake bayarwa. In ka faɗi, sai ka koma ka cika awa 40 kafin ranar ƙarewa. Don haka mai niyyar bin wannan hanya ya zauna tun tsakiyar shekara, ba a watan Maris ba. Ya kuma bincika ko jiharsa za ta karɓi jarrabawar a madadin nata awoyin, don cin jarrabawar ƙasa ba ya goge sharaɗin jiha.

In 31 ga Maris ta wuce ba ka miƙa ba, akwai rangwamen wata ɗaya, zuwa 30 ga Afrilu, tare da tarar dala 50 a kan kuɗin sabuntawa. Amma a fahimci wannan da kyau: rangwamen na miƙa takarda ne, ba na karatu ba. Duk awoyin dole a ce an gama su kafin 31 ga Maris. Kwas ɗin da aka yi ranar 2 ga Afrilu ba zai toshe giɓin ba.

Bayan 30 ga Afrilu takarda ta mutu. Dawo da ita yana buƙatar awoyin karatun, da sake cin jarrabawar kwamfuta, da cika sharaɗin gwajin aikin hannu wanda jiha ta amince da shi. A jihar da lasisinta ya rataya a kan takardar ƙasa, wannan na nufin sauka daga mota har sai an gama, kuma yin aiki da mataccen lasisi laifi ne da kan jawo hukunci daga hukumar jiha.

Saura batun bincike. NREMT kan zaɓi wasu daga cikin waɗanda suka miƙa ta ce su kawo hujjar kowace awa da suka rubuta, kuma wanda aka samu ya rubuta abin da bai yi ba yana iya rasa takardarsa baki ɗaya. Kada ka dogara da ma'aikatarka ko kamfanin da ya shirya kwas su ajiye maka, don kamfani kan rufe, kai ma kana iya barin aikin. Kowane satifiket ka duba ya ƙunshi sunanka daidai, sunan kwas, kwanan wata, yawan awoyi da lambar amincewa. Ka ajiye kwafi ɗaya a takarda, ɗaya a waya ko kwamfuta, ka riƙe su har zango biyu su wuce.